Ba a Kai wa Zomo Gora

Alhamis, 23 ga Janairu, da sassafe

Sun wuce. Na ji su tun kafin in gan su, kamar kullum. Da farko sai ka ce iska ce a cikin itatuwan turare, can ta koma kamar yayyafi a kan rufin kwano, daga nan ƙasa ta ɗauka. Na fito da sandata na jingina da shinge. Ranar Alhamis ce duk sansanonin 'yan tsere na garinmu Iten ke haɗuwa su yi gudu tare, ɗaruruwa, maza da mata, ba mai cewa uffan. Numfashinsu kawai ke tashi fari a cikin sanyi. Shekara arba'in na yi ina koyarwa a makarantar da ke gangaren nan, iyayen da yawa daga cikinsu na zane a kan lissafi, amma har yau in sun zo wucewa sai in tsinci hulata a hannuna.

Kibiwot jikana yana can gaba, ta dama. Bai waiwayo ba, ba a waiwaye. Amma daidai ƙofata ya ɗaga yatsu biyu. Na gani.

Jiya na je Eldoret. Likita ya faɗi abin da ya faɗa. Ba zan ɓata takarda da shi ba.

Asabar, 25 ga Janairu, da hantsi

Kobilo maƙwabciyata ta zo tatsar saniyata Lelmet. Tun da Teriki matata ta rasu ita ke yi, don yatsuna sun daina matsa komai. Ta leƙa tukunya.

"Malam, tuwon jiya yana nan yadda na ajiye shi."

"Na ci."

"Da ido ka ci? Me likitan ya ce?"

"Ya ce in dawo su ba ni gado."

"Yaushe?"

"Bayan sha biyar ga watan gobe."

Ta ajiye bokiti ta dube ni. "Shi ya sa ranar, ko kai ka sa?"

Na ce mata madara za ta zube. Ta ce madara ba ta da ƙafa. Sha biyar ga wata ne tseren Kibiwot, ta sani, duk unguwar nan an sani. Na rantsar da ita kada maganar ta kai sansani. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A garin nan ba a kai wa ɗan tsere mugun labari ana gab da tsere. An yi wanda gidansa ya ƙone, sai da ya sauka daga jirgi aka gaya masa. Ta ce ta ji. Ba ta ce ta yarda ba.

Lahadi, 26 ga Janairu, da yamma

Ranar Lahadi ake sakinsu daga sansani. Kibiwot ya zo da sukari da ganyen shayi, ya zauna a kujerar mahaifinsa marigayi, ƙafafun nan miƙe har bakin murhu. Ina kallonsu ina mamaki. Ni na wanke ƙafafun nan a kwano sa'ad da ba su fi yatsana ba. Yanzu sun taka titunan ƙasashen da a taswira kawai na nuna wa yara.

Wannan karon wani birnin Larabawa ne a bakin teku. Rabin famfalaki, kilomita ashirin da ɗaya da ɗan ɗori. Ya ce duk manyan za su je, na Habasha, na Uganda, da namu. Shi kuma zomo ne, kamar yadda ya saba shekara shida. Aikin zomo ya shiga gaba, ya tare musu iska da ƙirjinsa, ya daidaita musu sauri kamar agogo, in ya kai inda aka yi yarjejeniya ya ratse gefe ya ba su hanya. A kilomita sha biyar zai ratse. Ko sunansa ba a rubutawa a ƙirjin rigarsa, sai sunan aikin.

Na ce, "To wai yaya ƙarshen hanyar yake?"

Ya yi dariya. "Kugo," haka suke kiran kaka a wurinmu, "ni ina na sani? Mota ke kwashe mu. Ina isa an riga an naɗe tutoci ana shan lemo."

"Shekara shida ba ka taɓa sha'awar gani ba?"

"Sha'awa ba ta sayen abincin Lelmet. Ƙarshe na masu suna ne. Kai me ya dame ka da ƙarshe?"

Na ce tsohon malami ne ni, ba na son darasin da aka bari a tsakiya. Ya ce ai shi ya sa yara suka tsane ni. Na jefe shi da hula, ya cafe.

Ya ci tuwo malmala biyu. Ni na juya nawa da cokali, na yi ta ba shi labari don kada ya lura.

Talata, 28 ga Janairu, da rana

Na huda sabon rami a ɗamarar wandona.

Alhamis, 30 ga Janairu, da sassafe

Sun wuce. Yau hazo ya taso daga Kwarin Kerio ya rufe hanya, sai suka fito daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya kamar ana halittarsu a gabana. Akwai wata yarinya ƙanƙanuwa cikin jar riga, diddigenta ba ya taɓa ƙasa. Na karanta a littafi cewa daga turɓaya aka yi mu. Na yarda. Amma dubi abin da turɓaya ke iya yi.

Na tsaya har ƙarar ta ɓace, sai na kasa komawa ɗaki. Na zauna a gindin shinge har rana ta ɗumama ni.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da azahar

Na sauko da goran Teriki daga inda yake rataye tun rasuwarta. Dogo ne, ya yi baƙi don tsufa, da 'yan duwatsun ado da ta ɗinka a madaurinsa. A cikinsa take yin mursik, nonon nan mai gawayi. Duk gwanin da ya ci tsere a waje, danginsa na tarbarsa a filin jirgi da gora irin wannan, wani babba ya kafa masa a baki ya sha a gaban jama'a, nonon na zuba a haɓarsa. Teriki ta sha cewa za ta kai wa Kibiwot. Ba ta kai ba. Ba a kai wa zomo gora. Wanda bai ga ƙarshe ba me za a tarbe shi da shi?

Na sani. Duk da haka na wanke shi.

Litinin, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Kobilo ta same ni a tsugune ina ƙona bakin icen itet zan goge cikin goran da gawayinsa. Ta riƙe ƙugu.

"Ikon Allah! Yau na ga abin da uwata ba ta gani ba. Namiji da gora! Malam, in kawo maka zane ka ɗaura?"

"Tafi ki tatsi saniyarki."

"Saniyarka dai. Kawo in yi maka, za ka ƙona gidan."

Na hana. Ta ce wa za a kai wa? Na ce wa ya ce za a kai wa wani. Sai ta ce in tafasa madarar tukuna in bar ta ta huce, kada in zuba da zafi. Na ce na sani. Ban sani ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da sassafe

Ban fita ba. Daga gado na saurare su. Ko bai ga kowa a shinge ba, ko ya ɗaga yatsun?

Juma'a, 7 ga Fabrairu, da yamma

Na buɗe goran. Ya lalace. Kare ma ya sunsuna ya juya. Kobilo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce Teriki na can tana toshe hanci. Ni ma na yi dariya, sai ciwon ya motsa, na riƙe bango. Ta daina dariyar. Ta ce, "Gobe akwai motar Eldoret." Na ce sha biyar.

Shayi yana wucewa ta maƙogwaro. Kunu, in ya yi ruwa-ruwa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da yamma

Na sa babbar kwat ɗina ta zuwa coci don ta cika ni. Kibiwot ya zo. Ya rame irin ramar da suke yi in tsere ya matso, fata ta manne wa ƙashi, idanu na ƙyalli. Mu biyu ramammu muka zauna muna kallon juna.

"Ban gan ka ranar Alhamis ba, Kugo."

"Na gaji da kallon ƙattin da ke gudu ba abin da ya biyo su."

"Kwat a cikin ɗaki fa? Ko zance za ka wurin Kobilo?"

"Ita ke nema na. Na ce ta jira in gama makaranta."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan wuyana. Da zai tafi ya durƙusa, na tofa masa albarka a tafin hannu kamar yadda kakana ya yi mini ranar da za a kai ni makarantar mishan. Yawun ma da ƙyar ya samu. Na ce ya yi aikinsa da kyau, ya ratse inda aka ce, kada ya ba kocinsu kunya. Ya ce to.

Na hango shi ta taga ya tsaya a shingen Kobilo. Sun daɗe. Wataƙila maganar saniya ce.

Talata, 11 ga Fabrairu, da hantsi

Sun tafi Nairobi. Na sake ƙona icen. Wannan karon na bar madarar ta huce, na goge cikin goran har hannuna ya mutu, na zuba, na toshe, na ajiye shi a lungun da Teriki ke ajiyewa. Ina jin gawayin ya yi yawa. Kobilo ta tsaya a ƙofa tana kallona.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da sassafe

Sun wuce. Babu shi a ciki, amma na fita. Na cire hula.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da rana

Ba daɗi yau.

Asabar, 15 ga Fabrairu, da la'asar

Zan rubuta a hankali, don ina so in rubuta duka.

Tun gari bai gama wayewa ba Kobilo ta kira ɗan acaɓa, aka sa ni a tsakiya ita tana baya tana riƙe da ni kamar buhun masara. Shagon Chemweno mai shayi ya cika maƙil, don shi ke da babbar talabijin. Rabin waɗanda ke ciki 'yan tsere ne, sauran tsofaffin 'yan tsere. Aka ba ni kujera a gaba. Chemweno ya ce, "Ku matsa wa Malam, yau jikansa ne direba."

Can rana ta riga ta fito. Titi baƙi sumul, faɗinsa ya kai filin makarantarmu, teku a gefe ɗaya, dogayen benaye na gilashi a ɗaya gefen. Aka harba bindiga.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ko kuwa na sha gani amma ban taɓa kallo da idon yau ba. Su goma sha wani abu a dunƙule, kafaɗa na gogar kafaɗa, ƙafafu na sauka tare kamar mutum ɗaya ne mai ƙafa talatin. Masu babur ɗin da ke ɗaukar hoto sai sun ƙara wuta. Fuskokinsu kuwa a kwance, kamar masu sauraron wa'azi. Wani ɗan Habasha ya miƙa wa namu robar ruwa suna cikin wannan gudun, ya karɓa ya kurɓa ya mayar masa, alhali kowannensu ya zo ne ya kayar da ɗan'uwansa. Kuma a gaban dukansu, a gaban mafiya sauri a duniya, yaron da na koya wa ɗaura igiyar takalmi. Iskar teku na dukan ƙirjinsa, rigar ta manne, su kuma sun laɓe a bayansa. Kowane kilomita ya duba agogon hannunsa, 'yan shagon su duba nasu, su ce, "Daidai! Kai, yaron nan inji ne."

Ɗaya bayan ɗaya dunƙulen ya rage. Suka zama shida. Suka zama huɗu da shi.

Aka nuna allon sha biyar. Ya ratse dama, ya yi musu alama da hannu su wuce, suka wuce shi kamar ruwa ya wuce dutse. Hoto ya bi su. Shago ya ɗauki tafi. Wani ya dafa ni ya ce, "Ya yi aikinsa, Malam, tsaf." Na ce haka ne. Ni na ce masa ya ratse.

Sauran tseren na gan shi kamar ta cikin ruwa. Ɗan Habasha da babban ɗan sansaninsu Kibiwot suka yi ta ja har ƙarshe, namu ya tsere masa da taki kaɗan. Shago ya kusa rushewa. Chemweno ya zubar da butar shayi. Mutane suka fara fita suna ihu a titi. Na ce wa Kobilo mu tafi. Ta danne kafaɗata ta ce, "Zauna. Ina kake sauri?"

Hoton ya tsaya a kan layin ƙarshe, ana nuna masu shigowa. Na uku. Na huɗu ya faɗi aka ɗauke shi. Na biyar, na shida. Sai ga wani can nesa yana tahowa, kansa ya karkace, hannuwa na dukan iska, duk kyan gudun nan ya tafi. Mai sharhi ya fara in'ina, don ya duba ƙirjin rigar bai ga suna ba. Ya ce, "Wannan... wannan ɗaya daga cikin zomaye ne."

Chemweno ne ya fara kurma ihu. "Ku dawo! Ku dawo! Zomo bai hau mota ba!"

Suka dawo a guje suna ture juna. Mai sharhi na can yana neman sunan a takardunsa, mu kuwa a nan shago guda muna gaya masa. Kibiwot! Kibiwot! Har da ni. Ban san akwai sauran murya irin wannan a cikina ba.

Ya ratse kamar yadda ya yi alkawari. Bai tsaya ba ne kawai. Mutumin da ya ƙone duk man da ke jikinsa don wasu, ya ci gaba da tafiya da abin da ya rage, shi kaɗai. Ya taka layin na bakwai. Ƙafafunsa suka lanƙwashe, hoto ya ɗauke.

Na juya na dubi Kobilo. Tana share ido da bakin mayafi.

"Kin rantse," na ce.

"Na ce na ji. Kuma ban kai sansani ba, shi ya zo shingena. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai me goran kakarsa Teriki yake yi a ƙasa."

Gobe akwai mota.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da yamma, Eldoret

Gado na kusa da taga. Ba a jin kowa yana wucewa da asuba sai masu tura keken magani. Sun rataya mini ruwa. An ce kada in ci komai, kamar da ina ci.

An ce gobe jirginsu zai sauka. Za a je da gora da ganye da mawaƙa a tarbi wanda ya ci. Daidai ne, ya cancanta.

Talata, 18 ga Fabrairu, da la'asar

Kobilo ta shigo da ciki ƙato a ƙarƙashin mayafi. Ma'aikaciyar jinya ta bi ta da kallo. Ta ce mata, "Me kike kallo, 'yata? Tsohuwa ba ta ɗaukar ciki?" Ta zauna, ta zaro goran ta tura ƙarƙashin bargona.

Ba a daɗe ba ya shigo, da jakarsa a kafaɗa, yana ɗingishi kamar ni. Ya bar su can filin jirgi ana ta kiɗa. Ya tsaya a ƙafar gado ya dubi robar ruwan, ya dubi hannuna.

"Na bakwai," na ce. "A ajina na bakwai bulala yake sha."

"A ajinka ai na ɗaya ma yana sha, Kugo."

"Kocinku fa?"

"Ya zage ni tas, sannan ya rungume ni. Ya ce wata mai zuwa za a rubuta sunana a riga."

Na yaye bargon. Da ya ga goran sai ya juya fuska wajen taga, ya daɗe. Sannan ya durƙusa a gefen gado. Babba ne ke ɗaga gora, haka ake yi. Na kama da hannu biyu, ya ƙi tasowa daga cinyata. Na sake gwadawa. Sai ya sa tafukansa a ƙarƙashin nawa, muka ɗaga tare, kamar ni ke yi. Ya sha. Nonon ya zubo a haɓarsa, baƙi ƙirin, ya ɓata musu zanen gado. Ya runtse ido ya haɗiye.

"Yaya?" in ji Kobilo.

"Wa ya yi wannan?"

"Kakanka, da hannunsa."

"Kamar an jiƙa murhu." Ya sake kafa baki ya sha har sai da ya ga gindinsa. Mutumin gadon kusa ya tafa mana da hannunsa ɗaya mai lafiya.

Da Kobilo ta fita neman ruwan wanke zanen, na jawo shi kusa. Na ce, "To gaya mini. Yaya yake?"

Ya gane abin da nake tambaya. Ya yi tunani sosai, bai yi mini wasa ba.

"Bayan sha biyar ba kowa, Kugo. Na gaba sun yi nisa, na baya ba ka jin su. Kai kaɗai ne da ciwo. Ciwon yana ƙaruwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Kowane taki jikinka na cewa ka zauna. Amma can gab da ƙarshe sai ya sake ka. Ban san yadda aka yi ba. Ka daina jin ƙafafunka, hanya ta ƙuntata, ka ga haske da mutane. Na tabbata zan faɗi."

"Ka faɗi?"

"A'a. Ashe akwai waɗanda aikinsu ke nan, suna tsaye a bayan layin suna jira. Kana tsallakawa suke tare ka. Wata mata ce ta cafe ni, ta lulluɓa mini bargo, tana ta yi mini magana a kunne. Ban san yarenta ba, amma na gane."

Na ce ya maimaita mini wannan na ƙarshen. Ya maimaita.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da sassafe

Yanzu suna wucewa ta ƙofata can gida. Na sa an miƙo mini hulata daga kan akwati don in sami abin cirewa.

Kibiwot yana barci a kujera, ƙafafun nan har ƙarƙashin gadon maƙwabci. An jima za su zo su tura ni ɗakin tiyata. Ba na jin tsoro sosai. Teriki ba ta taɓa yin latti ba, kuma kullum da bargo take fita.